Tukunyar Mutanen Ailan da Rabon Nama a Gidajenmu

Ƴan kasuwar da ke kawo mana kaya daga Katsina ba kasafai suke cewa dankalin turawa ba. Arish suke cewa, kuma sunan ya fara kama bakin yaranmu na nan Gazawa. Ba kowa ya san cewa wannan kalma sunan wasu mutane ce ba. Mutanen tsibirin Ailan ke nan, wanda ke yamma da Ingila. Ba su suka fara noma dankalin ba, asalinsa duwatsun Kudancin Amurka ne, wajen Peru da Bolibiya, sai a ƙarni na 16 mutanen Sifen suka tsallako da shi Turai. Abin da ya sa sunan ya bi su shi ne, babu al'ummar da ta jingina rayuwarta kansa kamar talakawan Ailan, kamar dai yadda mu muka jingina tamu kan hatsi.

Wanda ya jingina da abu ɗaya kuwa ya san ranar da abin zai kauce. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Ailan, tana ruɓar da shi tun yana cikin ƙasa, ta kuma yi ta dawowa shekara bayan shekara. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun ɗan haura miliyan 8. Kafin 1852 kusan miliyan 1 sun mutu da yunwa da cututtukan da ke biye da ita, wasu fiye da miliyan 1 sun hau jiragen ruwa, akasari zuwa Amurka. Har yau yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake ba kafin wannan masifa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk tsawon shekarun nan jiragen ruwa ba su daina fita da hatsi da dabbobi daga Ailan zuwa Ingila ba, domin ƙasar noman tana hannun manyan masu gonaki, talaka ɗan haya ne kawai. Duk wanda ya ga shekarar 2005 a jihar Maraɗi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Fari da fara sun yi ɓarna a damanar 2004, amma buhunan hatsi ba su ƙare a kasuwa ba, kuɗin sayensu ne ya gagari mutane. Ni a lokacin ban daɗe da fita daga makarantar horon malamai ta Maraɗi ba, ina koyarwa a wani ƙauye cikin ƙasar Gidan Rumji, kuma na ga yadda aji ke raguwa, yau babu wane, gobe an ce an tafi da ƙanwar wance wajen likitocin tamowa.

To waɗannan mutane da suka san yunwa irin tamu suna da wata dahuwa da duniya ta san su da ita. A yau ana cin ta a manyan gidajen abinci, ana ɗaukar hotonta ana sawa a intanet, amma asalinta abincin talaka ne tsantsa. Naman tunkiya, dankali, albasa, ruwa, gishiri. Shi ke nan. Manomin Ailan ba ya yanka ɗan rago mai taushi, tunkiya yake riƙe wa saboda gashinta da nononta, sai ta tsufa ta daina amfani sannan wuƙa ta hau ta. Naman tsohuwar tunkiya kuwa kowa ya san halinsa, ba ya gasuwa, ba ya soyuwa, sai dai a bar shi ya daɗe kan wuta maras ƙarfi. Har yanzu suna gardama a tsakaninsu ko ya halatta a sa karas, kamar yadda matanmu ke gardama ko miyar kuka na son tumatir. Wasu masu girkin zamani suna zuba giya, wannan ƙari ne na baya, kuma galibi a dahuwar naman sa ake yin sa. Ta asalin babu abin da Musulmi zai yi shakka a kai.

Ni girki dole ce ta koya mini shi. Malamin da aka tura ƙauye ba iyali, ko ya koyi hura wuta ko ya rayu kan fura da ƙuli-ƙuli. Bayan na yi aure ban bar shi gaba ɗaya ba, duk da tsokanar abokai. Wannan dahuwa ta Ailan kuwa na karanta yadda ake yin ta ne lokacin da nake neman amsar da zan ba wani ɗalibina da ya tambayi ma'anar arish, na ga kayan haɗinta babu wanda ba a samu a kasuwarmu, na gwada. Shekaru ke nan muna yin ta a gidana lokacin sanyi. Daɗinta ba shi ne ya sa nake wannan rubutu ba, farfesunmu bai gaza ta daɗi ba. Abin da na lura tana yi wa rabon nama shi ne maganata.

Mai karatu ya tuna yadda nama ke tafiya a gidan da ya tashi. A namu gidan, ranar kasuwa Baba ya kan dawo da tsibi ɗaya ko biyu daga wurin mahauci. Inna ta yi miya, in an zo kwasa sai ta tsamo tsokoki ta jera a akushin maigida. In akwai baƙo, nasa na biye. Sai samarin gida. Mu yara akwai kwanonmu guda, mu biyar ko shida, a sa mana yanki ɗaya ko biyu a kan tuwo, babban cikinmu ya gutsura ya raba yadda ya ga dama. Ƴan mata da iyayensu mata su ne na ƙarshe, can bakin murhu, da abin da ya rage a gindin tukunya. Baba, Allah Ya jiƙansa, ba marowaci ba ne. Da gangan yake rage nama a akushi ya kira auta ya ba shi, kuma ragowar maigida abin alfahari ce ga yaro. Sai dai wannan rabo ya dogara ne kan halin mutum ɗaya da kuma wanda ke kusa da tabarmarsa a lokacin. Ƴar shekara tara da ke can tana wanke-wanke ba ta cikin lissafi.

Akwai ma maganar da muka gada, wai in yaro ya saba da nama ko ƙwai zai yi kwaɗayi, daga kwaɗayi sai sata. Har yanzu ina jin ta a bakin iyaye, har da waɗanda suka yi boko. Na yi shekara fiye da 20 ina tsaye gaban allo, na ga yaran da suka ɗauki abin da ba nasu ba, kuma ban taɓa ganin wanda ƙoshi ya kai shi ba.

Abin da nake gani kullum shi ne ƙarfe 11 na safe. Ƴan'uwana malamai sun san wannan lokaci. Ka rubuta lissafi a allo ka juyo, sai ka ga kawuna sun fara sauka kan tebur. Mun fi saurin cewa lalaci ne. Amma in ka kira yaron ka buɗe tafin hannunsa, ko ka ɗan ja fatar idonsa ta ƙasa, sau da yawa fari za ka gani fat. Ƙarancin jini ke nan. Ba abinci kaɗai ke kawo shi ba, zazzaɓin sauro na da babban hannu, kuma mu muna komawa lakwal ne a watan Oktoba, daidai lokacin da zazzaɓin damana ya gama wanke yara. Tsutsar ciki ma na nan. Sai dai jinin da ya tafi da abinci ake mayar da shi, kuma sinadarin ƙarfen da ke cikin nama jiki ya fi saurin karɓarsa a kan wanda ke cikin hatsi da wake. Wanda ya fi buƙatarsa a gida shi ne yaro mai girma, da yarinyar da ta fara al'ada, da mace mai ciki ko mai shayarwa. Wato daidai mutanen da rabonmu ya sa a ƙarshen layi. Ni mai shekara arba'in da wani abu, da na gama girma tun tuni, ni ake tsamo wa tsoka.

Abin takaicin shi ne muna zaune cikin ƙasar dabbobi. Jar akuyar Maraɗi sunanta ya kai Turai saboda fatarta. Balami, tunkiyar nan fara mai dogon kunne da ake alfahari da ita ranar layya, a jiharmu ake kiwonta. Kusan kowace mace a ƙauyukan Gazawa da Agye tana da ƴar akuya ko tunkiya a ɗaure. Amma dabba a wurinmu asusu ce, ana sayar da ita a sayi hatsi ko a yi biki, ba a yanka ta don yara su ci. Wannan ban ga laifin kowa ba, talauci ne. Shi ya sa ɗan naman da ya shigo gida, na jika ɗaya ko biyu, yadda aka dafa shi da yadda aka raba shi ba ƙaramar magana ba ce.

A nan tukunyar Ailan ta yi mini amfani. In aka dafa ta yadda ya kamata, babu tsokar da za a tsamo. Naman ya saki ƙashi, ya warware zare-zare, ya shige cikin dankalin da ya narke. Mai kwasa ko tana so ta fifita maigida, ludayi ba zai ba ta dama ba sai kaɗan. Kada a ɗauka romo kaɗai nake nufi. Romo yana da daɗi da ɗumi, amma mafi yawan amfanin nama yana nan cikin naman, shi ya sa yaron da ake ba ruwan miya ana cewa ai ya sha romo an yaudare shi ne. Sai naman kansa ya shiga cikinsa, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce a dafa shi har ya daina zama yanka-yanka.

Ga yadda muke yi, mu tara ne a gida. Ina zuwa wurin mahauci da kaina in ce wuya nake so da haƙarƙari, wani lokaci da ɗan karfata, kamar kilo 1. Mutane na rububin cinya, su bar wuya, alhali shi ne ya fi dacewa da doguwar dahuwa, domin yana da ƙashi da jijiya, kuma su ne ke ba romo kauri. In ce ya sara mini manya-manya, kada ya farfasa ƙashin ya yi tsini, saboda yara. Dankali kilo 2, manyan albasa 4, in an samu ƴar Galmi ta fi, ita ce mai ƙarfin ƙamshi. Ba a soya komai, ba a sa mai ko cokali ɗaya, kitsen da ke jikin naman ya isa. Wannan kaɗai ya rage kuɗin cefane, ga wanda ya san farashin man gyaɗa a yanzu.

Sai a shimfiɗa rabin albasar a gindin tukunya, a jera nama a kai, a sa gishiri da masoro, a rufe da sauran albasar. A zuba ruwa ya kusa rufe naman, kada ya yi iyo. In ya tafasa a kwashe kumfa, a janye itace a bar wuta ta yi ƙasa sosai, ta yadda tukunyar za ta riƙa ɗan motsi kawai, a rufe. In naman tsohuwar tunkiya ce a ba shi awa ɗaya shi kaɗai. Daga nan a ɗauki kashi ɗaya cikin uku na dankalin a yanka shi siriri kamar za a soya, a zuba. Wannan aikinsa narkewa, shi ne zai zama kaurin miyar, ba a buƙatar gari ko kuka. Bayan kamar wata awa ɗaya sai a jera sauran dankalin a sama, manya-manya, rabi-rabi, a sake rufewa minti 40 ko har cokali ya shige shi ba gardama. Ba a juyawa da muciya, sai dai a kama kunnuwan tukunya a ɗan girgiza. In ruwa ya ja a ƙara mai zafi kaɗan. Duka-duka awa biyu da rabi zuwa uku. A ƙarshe a tsamo ƙasusuwa, a zare abin da ya maƙale a jikinsu a mayar, a ba yara su tsotse ɓargo.

Mutanen Ailan daga gishiri da masoro sai ɗan ganye mai ƙamshi. Ranar farko da na yi ta haka uwargidana ta ɗanɗana ta ce, "Malam, wannan ai abincin majinyaci ne." Tun daga nan ita ke da ikon kayan yaji. Tana sa citta da tafarnuwa tun farko, da ɗan ƙwallon daddawa, da gabu in ya kusa sauka. Barkono ba ya shiga tukunya, ana daka shi daban a ajiye wa manya, don ƙaramin yaro ya iya cin rabonsa ba hawaye. Karas da kabeji in suna araha muna sawa, masu gardama a Ailan su yi mana haƙuri. Ana iya cin ta haka nan, ana iya zuba ta kan shinkafa ko a ci da burodi. Surukata kan tuwon hatsi take zubawa, ta ce in ba tuwo ba a ci abinci ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Na farko dankalin turawa ba abincin talaka ba ne a nan. Daga nesa yake zuwa, ko daga Jos ta hanyar Najeriya, ko daga lambunan Agadas, ko Bankuku da ke ƙasar Filinge, sai ɗan abin da masu noman rani ke fitarwa. Lokacin sanyi ne kawai yake sauka inda malamin makaranta zai iya sayen kilo 2 bai yi tsaki ba. Amma su mutanen Ailan ai ba don tsadarsa suka sa shi ba, shi ne abin da ke bayan ɗakinsu. Wanda ya bi dabararsu sai ya duba abin da ke bayan nasa ɗakin. Mun gwada da dankalin Hausa, ya yi, sai dai zaƙi, sai an ƙara daddawa da citta. Kabewa ta fi kowa iya narkewa ta ba da kauri. Rogo mai daɗi yana tsayawa a matsayin manyan yankan nan na sama. Wake ma, in an jiƙa shi tun dare aka zuba tare da nama, yana sa rabin kilo ya yi aikin kilo.

Na biyu itace. Awa uku kan wuta ba wasa ba ne a ƙasar da mata ke tafiya mai nisa neman kara. Sai dai wutar da ake so ƙarama ce, itace biyu masu kauri sun isa in an kare murhu daga iska, kuma tukunyar ƙasa mai murfi ta fi ta ƙarfe riƙe zafi. Sa'annan yankinmu ba kamar da ba ne. Tun wajen 1983 da aka fara sassaben zamani a jihar Maraɗi, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, da manoman nan suka fara barin tohon kututture suna yi masa aski maimakon ƙone shi, gonaki sun sake yin itatuwa. Ƙauyen Ɗan Saga da ke ƙasar Agye har baƙi ke zuwa daga wasu ƙasashe su ga yadda suke yi. Manomin da ke da gawo da sabara da kalgo a gonarsa, reshen da ya sassabe ya ishe shi dafa wuyan tunkiya sau ɗaya a mako biyu.

Na uku, akwai gidajen da nama ba ya shiga daga layya sai layya. Su wannan rubutu ba zai cika musu tukunya ba, kuma ba zan yi musu wa'azi ba. Maganarsu ta kantin makaranta ce, irin wanda hukumar PAM ke tallafa wa a wasu ƙauyuka, da yawancin makarantunmu ba su da shi. Amma ko layyar, a duba. Muna gasa raguna a jere jikin itace, gobe a rarraba, a soya saura a adana a kwano, a kulle a ɗakin uwargida, ana tsakura wa maigida da baƙi har wata biyu ko uku. Wuya da kai da ƙafa da haƙarƙari, waɗanda ba sa soyuwa da kyau, su ne daidai kayan wannan tukunya, kuma maƙwabcin da bai yanka ba ya fi amfana da kwano cike da ita a kan ɗan yankin da za a miƙa wa yaronsa a takarda.

Wani abokin aikina, da na ba shi wannan labari a ɗakin malamai, ya ce ina so in rushe girman maigida. Na ce masa, Mushe, har yanzu ni ake fara zuba wa, a kwanona, a kan tabarmata, babu yaron da ke sa hannu kafin in ce bismilla. Abin da ya canza shi ne abin da ke cikin kwanona da abin da ke cikin na ƴata iri ɗaya ne. Ya yi dariya ya ce shi dai in bai tauna tsoka ba bai san ya ci nama ba. Wannan kuma akwai mai tsire a bakin tasha, da kuɗin aljihunsa.

Iyaye mata su ne suka fi saurin fahimta. A taron iyayen yara na bara na ɗan taɓo maganar, wata dattijuwa ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne, haka suke dafa wa mai jego kai da ƙafa har ya narke, don an san tana buƙatar jini. Na ce to Inna, ɗiyarki da ke aji shida ita ma tana buƙata. Ta ce a bari dankali ya yi araha tukuna.

Abu guda da za a kiyaye, ƙasarmu ba Ailan ba ce, tukunya ba ta kwana lafiya a zafinmu. In an rage, a tafasa ta sosai kafin a kwanta, a rufe, kada kowa ya sake sa cokali, da asuba a sake tafasawa. A gidana da gangan muke ragewa. Shi ya sa nake yin ta ranar Lahadi da yamma, don safiyar Litinin yara su ci kafin su ɗauki allo, ludayi ɗaya-ɗaya a kan ɗumamen tuwo.